Ofishin Jagorar Aiki ko Tsofaffin Ɗalibai: Wanne Za Ka Fi Dubawa Kafin Ka Zaɓi Jami'ar Digiri na Biyu ko na Uku?

Wanda ya samu gurbin karatun digiri na biyu ko na uku a jami'o'i biyu yakan tsaya auna sunan jami'a, kuɗin makaranta da kwasa-kwasan da za a koyar. Batun abin da zai kai shi ga aiki bayan an gama kuwa, sai ya bar wa ƙasidar talla, wadda kusan kowace jami'a ke cika ta da magana iri ɗaya: muna da ofishin da ke taimaka wa ɗalibai samun aiki, muna da tsofaffin ɗalibai a ko'ina cikin duniya. Ba ƙarya suka yi ba, amma ba su gaya maka abin da za ka yanke shawara da shi ba. Ofishin yana ba ka tsari da sanin lokaci. Tsofaffin ɗalibai suna ba ka labarin cikin ma'aikata da wanda zai ambaci sunanka. Jami'a tana iya yin ƙarfi a ɗaya ta yi rauni a ɗayan, kuma irin karatunka da inda kake son yin aiki su ne za su nuna wanne ya fi maka nauyi.

Abin da ofishin ya iya

Ma'aikatan ofishin jagorar aiki albashi ake biyan su, don haka ba alfarma kake nema ba idan ka je wurinsu. Ayyukansu sanannu ne: duba CV da wasiƙar neman aiki, atisayen intabiyu, taron baje-kolin guraben aiki, shafin da kamfanoni ke saka tallan aiki irin su Handshake da jami'o'in Amurka da yawa ke amfani da shi, da ganawa ta ido da ido da mai ba da shawara, wadda sau da yawa ba ta wuce rabin awa.

Rabin awa ba ta da yawa. Wanda ya shiga ya ce a taimake shi ya samu aiki zai fito da takardar nasihohin da ake ba kowa. Wanda ya shiga riƙe da tallan aiki guda ɗaya da CV ɗinsa, ya ce ga abin da suke nema, a ina takardata ta gaza, shi ne zai ci riba. A irin wannan zaman ne za a nuna masa cewa CV ɗin kamfani shafi ɗaya ne ko biyu, saɓanin na neman koyarwa a jami'a da ake jera duk wata maƙala da taro a ciki. Za kuma a gargaɗe shi cewa manyan kamfanoni da yawa manhaja ce ke fara karanta takardar kafin ɗan Adam, kuma hotuna, teburori da rubutun da aka raba gida biyu suna iya rikita ta har sunan digirin ya ɓata.

Amma babban abin da ofishin ke da shi, wanda da wuya ka same shi cikakke a wani wuri, shi ne jadawali. A Birtaniya digiri na biyu na shekara ɗaya yakan fara a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, kuma a daidai wannan lokacin ne manyan bankuna, kamfanonin ba da shawara da na injiniya ke buɗe shirye-shiryensu na ɗaukar sabbin masu digiri. Da yawa suna rufewa kafin ƙarshen shekara, wasu ma da zarar guraben sun cika. Ɗalibin da ya ce bari in saba da karatu tukuna zai farga a Janairu ya tarar an rufe ƙofofi da dama. A MBA, wato digiri na biyu a fannin sarrafa kasuwanci, na shekara biyu a Amurka kuwa, horon aikin da ake yi tsakanin shekarar farko da ta biyu shi ne babbar hanyar samun aikin dindindin, kuma tun a watannin farko ake fara neman sa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ofishi nagari tun kafin ka iso zai aiko maka da ranakun nan.

Ga ɗalibin da ya zo daga wata ƙasa akwai batun izinin aiki, kuma a nan jami'a ta fi tsohon ɗalibi nesa ba kusa ba, ko ta ofishin jagorar aiki ko ta ofishin ɗaliban ƙasashen waje. A Amurka izinin aiki bayan karatu da ake kira OPT na watanni 12 ne, da ƙarin watanni 24 ga masu fannonin kimiyya, fasaha, injiniya da lissafi. Ana iya nema daga kwana 90 kafin kammala karatu zuwa kwana 60 bayansa, kuma a cikin watanni 12 na farko ba a yarda ka zauna ba aiki fiye da kwana 90 ba. Jamus tana ba da watanni 18 na neman aiki. A Kanada mai digiri na biyu yana iya samun izini na shekara uku. Birtaniya ta rufe tsohuwar bizar aiki bayan karatu a 2012, ta buɗe sabuwa a 2021 mai shekara biyu ga masu digiri na biyu da shekara uku ga masu digirin digirgir, sannan ta sanar da rage ta masu digiri na biyu zuwa watanni 18 daga Janairun 2027. Ka ga wanda ya gama a can a 2015 zai ba ka labarin dokar da ba ta nan yanzu, da zuciya ɗaya kuwa.

Raunin ofishin shi ne galibi domin ɗaliban digiri na farko aka gina shi, tunda su ne suka fi yawa. Mai ba da shawarar da ya saba da matasan da ba su taɓa aiki ba yana iya rasa abin da zai ce wa mai shekara takwas yana aiki, ko wanda ya shafe shekara huɗu a ɗakin gwaje-gwaje. Wani abin da ke ruɗar mutane shi ne a jami'o'i da yawa makarantar koyon kasuwanci tana da nata ofishin daban, da nata kamfanonin, kuma ɗaliban sauran tsangayoyi ba sa shiga. Sunayen manyan kamfanonin da ka gani a ƙasida wataƙila can suke zuwa. Haka nan zauren baje-koli yana iya cika maƙil da kamfanonin da ba sa ɗaukar nauyin bizar baƙo. A Birtaniya gwamnati tana wallafa jerin ma'aikatun da ke da lasisin ɗaukar nauyin baƙi, kowa yana iya dubawa kafin ya ɓata lokacinsa a layi.

Tsofaffin ɗalibai

Abubuwa uku ne ake kira da wannan suna, kuma ya kamata a rarrabe su. Akwai ofishin hulɗa da tsofaffin ɗalibai, wanda a jami'o'i da yawa babban aikinsa shirya taruka ne da tara gudummawa. Akwai kundin sunaye da shirin haɗa ɗalibi da mai ba shi shawara, wanda amfaninsa ya dogara da ko ana sabunta shi. Sannan akwai su mutanen kansu, waɗanda za su amsa saƙonka ko su yi shiru. Na ukun ne ke kawo aiki. Adadin da jami'a ke alfahari da shi, dubu ɗari kaza, ya haɗa da duk wanda ya taɓa karɓar shaida a can tun shekaru hamsin da suka wuce, a kowane fanni.

Akwai dalilin da ya sa waɗannan mutanen ke da tasiri. A 1973 masanin zamantakewa Mark Granovetter ya wallafa wata shahararriyar maƙala bayan ya yi nazarin yadda ƙwararrun ma'aikata a garin Newton na jihar Masacusets ta Amurka suka samu ayyukansu. Ya tarar cewa cikin waɗanda suka samu aiki ta hannun wani, galibinsu ta hannun mutanen da suke haɗuwa da su jefi-jefi ne, kaɗan ne ta hannun waɗanda suke tare kullum. Aminanka sun san abin da ka sani, suna jin labarin da kake ji. Wanda yake ɗan nesa shi ke zaune a inda sabon labari yake. A 2022 mujallar Science ta fitar da wani bincike da aka yi a kan kimanin mutum miliyan 20 masu amfani da LinkedIn, shafin zumunta na ma'aikata da masu neman aiki, cikin shekara biyar, wanda ya nuna cewa dangantaka mai matsakaicin rauni ce ta fi kai mutum ga sabon aiki. Tsohon ɗalibin sashenku kusan nan ya faɗa: bai san ka ba, amma ya zauna a ajin malamin da kake zama, kuma wannan ya isa dalilin buɗe saƙo.

Abin da zai ba ka shi ne wanda ba a rubutawa a talla: wane sashe ne ke ɗaukar mutane da gaske, me ake tambaya a zagaye na biyu na intabiyu, wane albashi ne ya dace ka ambata, wane kwas ne a cikin na zaɓi ya amfane shi, wanne ne ɓata lokaci. Kamfanoni da yawa suna da tsarin da ma'aikaci zai gabatar da wani, wasu har suna ba shi tukuici idan aka ɗauki wanda ya kawo. Sai dai a san iyakar abin. Gabatarwa tana sa a karanta takardarka, ba ta amsa maka tambayoyin intabiyu.

Ba kowane tsohon ɗalibi ne ya kamata ka bi ba. Waɗanda suka gama shekara biyu zuwa biyar da suka wuce sun fi amfani a matakin farko, domin sun bi hanyar da kake shirin bi kuma ba su manta da wahalarta ba. Babban darakta da ya gama shekara ashirin da suka wuce saƙonni sun yi masa yawa, kuma ƙofar da ya shiga ta cikinta wataƙila an daɗe da toshe ta. Wani abin lura kuma: mutane da yawa sun fi jin jami'ar da suka yi digiri na farko a ransu fiye da inda suka yi shekara ɗaya. Saboda haka tambayar da za ka yi ita ce yaya tsofaffin ɗaliban wannan kwas ɗin suke da juna, ba na jami'ar baki ɗaya ba.

Tsofaffin ɗalibai kuma ba a warwatse suke daidai-wa-daida a duniya ba. Sukan taru a 'yan birane da 'yan masana'antu. Cikin minti goma za ka iya gani da idonka: buɗe shafin jami'ar a LinkedIn, shiga sashen tsofaffin ɗalibai, taƙaita shekarun zuwa biyar na baya-bayan nan, rubuta sunan kwas ɗin, ka duba inda suke zaune da inda suke aiki. Idan birnin da kake son zama ko fannin da kake nema bai fito ba, shaharar jami'ar ba za ta haifar maka da mutane a can ba. Ka dai tuna cewa wanda bai samu aiki ba bai cika sabunta shafinsa ba, don haka hoton ya fi gaskiyar kyau.

Wanda ke karatu da tallafin irin su Fulbright da aka kafa a 1946, Chevening da aka fara a 1983, ko DAAD ta Jamus, yana da wata ƙungiya ta daban wadda ta ratsa jami'o'i da dama, kuma ƙarfinta yana ƙasashen da ɗaliban ke komawa. Chevening ma sharaɗi ne mutum ya koma ƙasarsa na aƙalla shekara biyu. Ga irin wannan ɗalibin, baje-kolin kamfanonin ƙasar da yake karatu ba shi da wani amfani sosai. Waɗanda suka riga shi komawa su ne jarinsa.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne saƙon farko. Mutum ya aika wa wanda bai san shi ba CV tare da roƙon a samo masa aiki. Wancan ba shi da aikin bayarwa, kuma ba zai saka sunansa a kan baƙo ba, sai ya yi shiru. Saƙon da ake amsawa gajere ne, mai tambaya ɗaya: "Barka da aiki, Dakta. Ina digiri na biyu a sashen da kika gama. Na ga kin koma nazarin bayanai a fannin lafiya, abin da nake son yi ke nan. Ko za ki iya ba ni minti 20 in ji yadda kika shiga, da kwasa-kwasan da suka taimaka miki?" Idan ba a amsa ba, a sake tuntuɓa sau ɗaya bayan kamar kwana goma, daga nan a haƙura. Idan an yi hirar, a tsaya a kan minti 20 ɗin, a tambayi wa kuma ya kamata a yi magana da shi, a aika godiya washegari. Bayan wata biyu a sanar da ita abin da aka yi da shawararta. Zumunci a ƙafa yake, kuma wani lokaci a wannan saƙo na bayan wata biyu ne ake jin "akwai gurbi a wurinmu, turo takardarka".

Mai digirin digirgir lissafinsa daban ne

A nan malamin da ke kula da bincike yakan danne ofishi da tsofaffin ɗalibai duka. Aikin koyarwa ko bincike a jami'a yana tafiya ne da wasiƙun shaida, sau da yawa guda uku, kuma ta malamin ce ta fi nauyi. Shi ne zai gabatar da kai a taron masana, shi abokan aikinsa za su tambaya a kanka. Don haka kafin ka karɓi gurbi, ka nemi sanin inda ɗalibansa biyar na ƙarshe suke, shekara nawa suka yi kafin su gama, da ko akwai waɗanda suka bari a hanya. Sassan tattalin arziki da yawa suna wallafa jerin inda ɗalibansu na kowace shekara suka samu aiki. A sauran fannoni sai ka tambaya.

Matsalar ita ce guraben koyarwa na dindindin ba su kai yawan masu gama digirin ba, kuma malamin da ya yi rayuwarsa duka a jami'a sau da yawa bai san wata hanya ba. Wasu ma sukan yi sanyi da ɗalibi da zarar ya ambaci kamfani. Shi ya sa tambaya mafi muhimmanci ga ofishin jagorar aiki ita ce ko suna da ma'aikacin da aka ware wa masu digirin digirgir kaɗai. Idan babu, akwai kayan aiki na kyauta a intanet da ke taimaka wa mutum ya auna ƙwarewarsa da hanyoyin da ke gabansa: myIDP da aka fitar a 2012 domin masu kimiyya, da ImaginePhD na 2017 domin masu adabi, tarihi da ilimin zamantakewa.

Yadda ake karanta alƙaluman "sun samu aiki"

A ƙaddara aji ne mai mutum 100. Jami'a ta aika tambayoyi, 40 suka amsa, 36 daga cikinsu suna aiki ko sun ci gaba da karatu. Ƙasida za ta ce kashi 90 cikin 100. Sauran 60 ba wanda ya san halin da suke ciki, kuma wanda ke zaune ba aiki bai cika son cike fom ba. Ƙungiyar NACE ta Amurka, wadda ta haɗa jami'o'i da masu ɗaukar ma'aikata, tana ba da shawarar cewa jami'a ta san makomar aƙalla kashi 65 na ɗalibanta kafin ta fitar da sakamako. Duk adadin da bai zo da yawan waɗanda suka amsa ba, ka ɗauke shi da sassauci.

Lokacin ƙirga ma ya bambanta. Hukumar HESA mai tattara alƙaluman manyan makarantu a Birtaniya tana tambayar ɗalibai bayan watanni 15 da kammalawa, alhali tsohon tsarinta watanni shida ne. Ma'aunin NACE watanni shida ne, na Ostareliya watanni huɗu zuwa shida, makarantun MBA kuwa sukan ba da rahoton watanni uku, kuma waɗanda suka ce suna neman aiki kaɗai ake ƙirgawa. Kashi 90 na can da kashi 90 na nan ba abu ɗaya ba ne. Ka tambaya kuma ko an haɗa da waɗanda suka koma tsohon wurin aikinsu, da waɗanda jami'ar kanta ta ɗauka na ɗan lokaci, da ko aikin na matakin digiri ne. A batun albashi ka nemi na tsakiya, wato wanda ya faɗo a tsakiyar jeri idan aka jera albashin daga ƙarami zuwa babba, domin mutum uku masu babban albashi sun isa su ɗaga matsakaicin aji. Idan kai baƙo ne, ka nemi alƙaluman ɗaliban ƙasashen waje su kaɗai.

Gwajin mako biyu kafin ka biya kuɗi

Rubuta wa ofishin kowace jami'a tambayoyi iri ɗaya: ma'aikata nawa ne ke kula da masu digiri na biyu da na uku, kwana nawa ake jira kafin a samu ganawa a lokacin cunkoso, waɗanne kamfanoni ne suka ɗauki ɗaliban wannan kwas ɗin bara, kuma ko ɗalibin sashenka yana iya halartar tarukan makarantar kasuwanci. Saurin amsar da yadda ta fito fili su ma amsa ne. A lokaci guda ka zaƙulo tsofaffin ɗalibai goma daga kowace jami'a da kanka, ban da waɗanda ofishin ɗaukar ɗalibai zai haɗa ka da su, tunda zaɓaɓɓu ne. Aika musu saƙo, ka ƙirga masu amsawa. Waɗanda suka amsa ka tambaye su ta wace hanya suka samu aikinsu na farko, wata nawa ya ɗauke su, da ko sun taɓa shiga ofishin jagorar aiki. Mutum goma ba ƙididdiga ba ce, amma idan shida suka amsa a nan ɗaya ya amsa a can, ka ga wani abu.

Idan kwas ɗinka na shekara ɗaya ne, kana son sauya fanni, kuma manyan kamfanoni masu jadawali kake hari a ƙasar da za ka yi karatu, zaɓi jami'ar da ofishinta ya fi ƙarfi ko da tsofaffin ɗalibanta ba su kai na ɗayar ba. Ba ka da lokacin gina dangantaka kafin a rufe guraben. Idan kana da shekarun aiki a bayanka, ko fanninka ƙarami ne wanda ba a cika tallata gurabensa ba, kamar ƙungiyoyin agaji, gidajen tarihi ko ƙananan kamfanonin fasaha, ko kuma wata ƙasa za ka koma, to inda mutanenka suke shi za ka bi. Mai digirin digirgir ya fara zaɓar malami, sauran su biyo baya.

Akwai tambaya ɗaya da ake yawan mantawa da ita: har yaushe ofishin zai ci gaba da karɓar ka bayan ka gama? Wasu jami'o'in suna bari na 'yan shekaru, wasu har abada, wasu kuwa suna rufe shafin guraben aiki tare da imel ɗin ɗalibi 'yan watanni bayan bikin yaye. Ga mai kwas na shekara ɗaya wannan babban al'amari ne, domin neman aikin yakan yi zafi ne bayan an miƙa kundin bincike. Kafin a rufe maka imel ɗin jami'a, ka mayar da duk wani asusun neman aiki zuwa imel ɗinka na kanka, ka adana adireshin malaman da za su rubuta maka wasiƙar shaida, ka kuma yi rajista a kundin tsofaffin ɗalibai tun lambar ɗalibinka tana aiki.